Harajin Albashi a Kakuri: Mai Biya Na da Wa'adi, Mai Karɓa Fa?

Sharhinmu na yau zai ƙetare kogin Kaduna ne ya yi kudu, ya yada zango a Kakuri, domin mu duba wani nauyi da doka ta aza wa masu ƙananan sana'o'i, wato cire haraji daga albashin ma'aikatansu, da kuma jan ƙafar da suke kuka da shi idan sun miƙa takardunsu ofishin haraji suna jiran amsa.

Wanda ya san Kakuri a shekarun 1970 zuwa 1980 ya san unguwa ce da jiniyar masaƙa ke tada ta da asuba. KTL, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, ta fara saƙa a 1957. Nortex ta biyo baya, sannan Arewa da UNTL a tsakiyar shekarun 1960. Masana'antar makamai ta DICON tana nan tun 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya zo a 1975. Idan lokacin canjin aiki ya yi, hanya kan cika maƙil da kekuna, dubban ma'aikata suna kwarara zuwa Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari. A wancan zamani karɓar harajin albashi bai zame wa gwamnati wahala ba. Kowane kamfani yana da ofishin albashi, da akawuna da akantoci waɗanda ba su da wani aiki sai lissafi. Wata na ƙarewa su cire, su rubuta cak ɗaya, harajin dubban mutane ya shiga baitulmali a tashi guda.

KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi ta, UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007, ƙoƙarin farfaɗo da ita daga baya kuma bai mayar da ita yadda take ba. Amma mutanen ba su ɓace ba, 'ya'yansu ma sun girma. Yau abin da ke riƙe da yawancin gidajen Kakuri shi ne gidan burodi, da ruwan leda, da walda da kafinta, da kemis, da makarantu masu zaman kansu, da ƙananan maɗaba'u, da shagunan ɗinki masu keke biyar ko shida, da cinikin Kasuwar Monday. Mai irin wannan sana'a shi ne manaja, shi ne mai sayo kaya, shi ke tada janareto, da daddare kuma ya zama akanta. To aikin da ofishin albashin masaƙa ke yi da ma'aikata cike da ɗaki, shi doka ta ɗora wa wannan bawan Allah, da wa'adi iri ɗaya babu ragi.

Harajin albashi, wanda ake kira PAYE, kuɗin ma'aikaci ne da ake cirewa tun albashin bai kai hannunsa ba, a kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune. A nan Kaduna hukumar ita ce KADIRS. Abin da aka cire a wannan wata, wajibi ne ya shiga asusun gwamnati kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce. Sannan kowace shekara, zuwa 31 ga Janairu, mai sana'a zai miƙa jerin ma'aikatansa, da abin da ya biya kowa a shekarar da ta gabata, da abin da ya cire masa. Shi kansa yana da nasa bayanin da zai miƙa zuwa 31 ga Maris. Idan yawan ma'aikatansa ya kai abin da dokar fansho ta 2014 ta gindaya, zai zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a kai cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ga kashi 1 na asusun diyyar hatsarin aiki, NSITF. Idan sana'ar ta ƙara ƙwari, ga wani kashi 1 na asusun horas da ma'aikata, ITF. Kowanne da ofishinsa, da shafinsa na intanet, da takardar shaidarsa, da ranarsa.

Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyu daga cikinsu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma 1 ga Janairu, 2026. Gaskiya a faɗe ta, akwai sauƙi a ciki ga ƙaramin ma'aikaci. Naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu, mai karɓar mafi ƙarancin albashi kuma an ɗauke masa gaba ɗaya. Abin da ya hau kan dubu 800 har zuwa miliyan 3, kashi 15 ake cira. Mai zaman haya ana rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa daga abin da za a yi wa lissafi, muddin ragin bai wuce naira dubu 500 ba. Ƙananan kamfanoni kuma an ɗauke musu harajin riba. A nan ne da yawa ke zamewa. Suna jin an ce an yafe wa ƙaramin kamfani haraji, sai su ɗauka an sallame su ke nan. Abin da aka yafe na ribar kamfani ne. Cire harajin ma'aikata da miƙa bayani suna nan daram, ko da lissafin ya nuna babu ko sisi da za a biya. Wanda bai miƙa bayani ba, tarar naira dubu 100 ce a watan farko, dubu 50 a kowane wata bayansa. Wanda ya ƙi cirewa, za a ci shi tarar kashi 40 na abin da ya kamata ya cire. Wanda ya cire ya riƙe, zai biya kuɗin, da tarar kashi 10, da kuɗin ruwa, yana kuma iya ƙarewa a gaban alƙali.

Mu buga misali, mu ajiye fansho gefe don lissafin ya fita sarai. Mai kwaɓa burodi a Makera yana karɓar naira dubu 120 a wata, wato miliyan 1 da dubu 440 a shekara, yana biyan haya dubu 300. Idan aka rage masa kashi 20 na hayar, dubu 60 ke nan, aka kuma ware dubu 800 da babu haraji, saura dubu 580. Kashi 15 na wannan shi ne dubu 87 a shekara, naira 7,250 kowane wata. Idan ogansa bai san da ragin haya ba, ko shi bai kawo rasit ba, dubu 8 cif za a riƙa cire masa. A shekara an ci shi naira dubu 9. A rubuce yana da damar neman a mayar masa. Amma wa zai bar bakin tanda ya riƙa zarya ofishin haraji saboda dubu 9, alhali bai san ranar da za a ba shi amsa ba? Sai ya bar wa Allah. Ku ƙiyasta irinsa nawa ne daga Kakuri zuwa Kudenda.

Kafin in juya kan hukuma, ina da magana da masu sana'a, kuma ba zan tauna ta ba. Alhaji, Hajiya, kuɗin da kuka cire daga albashin yaronku amana ce. Na san jarrabawar da ke ciki. Fulawa ta tashi, man dizal ya tashi, wuta ba ta samuwa yadda ake so, ga kuɗi a hannu, zuciya na cewa a juya su wata ɗaya tukuna. Wata ɗaya ya zama uku, uku su zama shekara. Ranar da ma'aikacin nan ya je neman shaidar biyan haraji, ko ya duba asusunsa na fansho, sai ya tarar babu komai da sunansa, alhali kowane wata ana zaftare masa. Wannan cin haƙƙi ne, ko da wanda ya yi shi yana sahun gaba a masallaci ko a coci. Kuma babu inda ya kamata a fi jin zafinsa kamar Kakuri. Ma'aikatan KTL sun yi shekara da shekaru suna bin kuɗinsu na sallama, suna zanga-zanga, suna kai kuka ga gwamnonin Arewa da jihohinsu suka mallaki kamfanin, da yawa sun koma ga Allah ba su ga kuɗin ba. Wanda ya tashi a gidan da aka yi wa haka, bai kyautu a same shi yana yi wa na ƙasa da shi ba.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Dokokin da suka yanka wa mai sana'a ranar 10 ga wata, su ne suka yanka wa hukuma nata wa'adin. Idan mutum ya nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda 'yan kwangila ke kira kiliyaras, doka ta ce a ba shi cikin mako biyu, ko a gaya masa dalilin hana shi. Idan an tabbatar ya biya fiye da kima, a mayar masa da rarar cikin kwana 90, ko a lissafa masa ita a harajin gaba. Waɗannan ranaku suna nan rubuce. Amma idan mai gidan burodi ya makara da kwana ɗaya, kwamfuta da kanta ke rubuta masa tara, ba ta jin uzuri. Idan ofis ya makara da wata uku, ba a cire wa kowa ko kwabo. Amsar da aka saba ji a ofisoshin haraji a faɗin ƙasar nan, na tarayya da na jihohi, ita ce babu netwok, ko oga bai sa hannu ba, ko fayil yana wurin masu bincike, je ka dawo.

Ba duk jinkirin ne na ganganci ba, yana da kyau mu san inda gizo ke saƙa. Wani lokaci mai sana'a ya biya a banki a dunƙule bai haɗa da jerin sunayen ma'aikata ba, kuɗin sun shiga amma ba a san na wane da wane ba ne. Wani lokaci sunan da ke kan lambar haraji, TIN, ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, Muhammad a nan, Mohammed a can, na'ura ta ƙi haɗa su. A watan Janairu kowa kan jira mako na ƙarshe, a yi wa shafi ɗaya rubdugu har ya cushe. Sannan hukuma na da ikon waiwayar littattafan mutum har shekara shida baya, to idan ya zo neman takarda sai buƙatarsa ta zama ƙofar buɗe bincike, a riƙe takardar sai an gama.

Wanda ya fi ci wa ƙananan 'yan kwangila tuwo a ƙwarya shi ne harajin da ake cirewa tun daga tushe. Mai walda ya yi wa babban kamfani ko wata ma'aikatar gwamnati ƙofofi da tagogi. Lokacin biya aka cire wani kaso, aka ce harajinsa ne, za a kai hukuma da sunansa. Shi dai ya ga an cire. Idan wanda ya cire bai kai ba, ko ya kai ba da lambar mai waldan ba, to a wurin hukuma bai biya komai ba. Sai ya koma yana safa da marwa tsakanin wanda ya riƙe kuɗinsa da wanda ya ce bai gan su ba. Hukumar tarayya ta FIRS, wadda yanzu ta koma NRS, ta fito da manhajar TaxPro Max a 2021, inda irin wannan shaida kan fito kai tsaye, amma manhaja ba ta nuna kuɗin da ba a zuba ba. Abin takaici kuma, rahotannin babban mai binciken kuɗi na tarayya sun sha kama ma'aikatun gwamnati da kansu sun cire haraji ba su kai ba. Ina adalcin a hukunta mai walda da hana shi takarda saboda laifin wanda ya fi shi ƙarfi?

Sai kuma jinkirin da kowa ya san manufarsa, wato a gajiyar da kai har ka gane cewa fayil ba ya motsi sai da na goro. Ba kowane jami'i ke haka ba. Akwai masu tsoron Allah da yawa da ke aiki tsakani da Allah cikin ƙarancin kayan aiki. Amma duk inda aka bar wa'adi babu mai tsaronsa, an buɗe wa marasa tsoron Allah kasuwa.

Me jinkirin ke jawowa? Takardar shaidar nan ta shekara uku da suka wuce ce, ba a ba ka kwangilar gwamnati sai da ita, ana kuma neman ta wajen takardar mallakar fili da wasu lasisi. Tallar kwangila kuwa tana da ranar rufewa. Maɗaba'ar da za ta iya buga littattafan rubutu, ko telan da zai iya ɗinka yunifom, idan takardarsa ta fito bayan an rufe, aikin ya tafi ga wani, galibi babba mai lauya da akanta. Yaran da zai ɗauka sun ci gaba da zaman kashe wando, harajin da gwamnati za ta samu daga albashinsu shi ma ya bi ruwa. Haka rarar kuɗin da aka riƙe. A Disamban 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari. Naira dubu 500 da suka shekara a hannun hukuma a irin wannan yanayi, ranar da suka dawo ba za su sayi buhunan fulawar da za su saya da farko ba. Babban kamfani zai jure. Mai ma'aikata takwas kuwa jarinsa ne aka ɗaure.

Abin da ya fi damuna shi ne maƙwabci yana kallo. Wanda ya yi rajista, ya buɗe littafin albashi, ya kai kansa ofis, shi ake wahalarwa. Na kusa da shi da ke biyan yaransa hannu da hannu babu takarda, ba wanda ya san da shi. Darasin da unguwa ke ɗauka a bayyane yake: kada ka bari a san ka. Wanda ke kwana ciki shi ne ma'aikaci, domin wanda ba ya cikin littafi ba shi da fansho, ranar da inji ya datse masa yatsa kuma ba shi da diyya sai abin da oga ya ga dama.

Ba a kanmu aka fara jinkiri ba. A Amurka, lokacin annobar korona, miliyoyin takardun haraji sun taru a ofisoshin hukumarsu ta IRS, mutane da ƙananan kamfanoni suka yi watanni suna jiran rarar kuɗinsu. Sai dai dokarsu ta ce idan hukuma ta wuce kwana 45 ba ta mayar da rarar ba, ita ma za ta biya kuɗin ruwa a kai. Ba ina cewa mu kwaso tsarin kuɗin ruwa ba ne, a cikin al'ummar da da yawanta ke ƙyamarsa. Abin lura shi ne a can makara tana cin kowa, mai biya da mai karɓa.

Kaduna ta yi abin a yaba, wannan ba a musu. Dokar haɗe haraji ta 2016, zamanin Malam Nasir El-Rufai, ta mayar da karɓar kuɗin shiga hannun hukuma ɗaya, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi. Kuɗin shigar jihar da bai kai naira biliyan 15 ba a 2015, ya haura biliyan 50 a 2020, ya kuma ci gaba da hawa. A jihohin ƙasar nan harajin albashi ne kaso mafi tsoka na harajin da ake tarawa a cikin gida, wato ma'aikaci da ubangidansa ke ɗauke da kayan. Jihar da ta iya gina tsarin da ke gane wanda ya makara da biya nan take, ba za a ce ta gaza gina wanda zai nuna fayil ɗin da ya kwana 15 a kan tebur ba. Kada a manta, a jihar nan ce Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, kuma abin da talakawa suka tsana a wancan haraji har da wulaƙancin karɓarsa da rashin inda za a kai kuka. A zamanin En'e, hakimi da dagaci masu tara haraji suna da albashi daga baitulmali. Mai sana'ar yau yana tara wa gwamnati kyauta, da datarsa da lokacinsa. Mafi ƙarancin ladansa shi ne a cika masa alkawarin mako biyu.

Don haka kirana ga Mai Girma Gwamna Uba Sani, da shugabannin KADIRS, da ofisoshin NRS da ke Kaduna: duk wanda ya miƙa buƙata a ba shi shaida mai kwanan wata nan take, saƙo ya shigo wayarsa. Idan mako biyu ya cika ba a kawo dalili a rubuce ba, takardar ta fito da kanta. Irin wannan tanadi ba baƙo ba ne, domin Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta ce idan ma'aikatar tarayya ta yi shiru har wa'adi ya wuce, a ɗauka ta amince. Babu abin da ya hana jiha yin irinsa. Wanda ya nuna shaidar an cire masa haraji daga tushe, a ba shi takardarsa, hukuma ta bi wanda ya riƙe kuɗin. Kuma yadda ake shelar biliyoyin da aka tara, a riƙa shelar yawan buƙatun da aka karɓa da yawan waɗanda aka sallama cikin wa'adi. A watannin Disamba da Janairu jami'ai su fito daga ofis, su kafa tebur a Kasuwar Monday, su taya mutane cike fom da Hausa da buroka.

Ku kuma masu sana'a, ƙungiyar masu burodi da ta teloli da ta masu ruwan leda za su iya haɗa kuɗi su ɗauki akanta ɗaya ya riƙe wa mutum ashirin littafi. Ku miƙa bayaninku a farkon Janairu, ku adana kowane rasit. Idan mako biyu ya wuce, ku rubuta wasiƙa ku nemi dalili a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimi. Sababbin dokokin sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma kuma a nan Kaduna take zama.

Kai kuma ma'aikaci, a ƙarshen watan nan ka nemi takardar albashinka, ka ga abin da aka cire, ka kai rasit ɗin hayarka, ka kuma nemi a nuna maka shaidar cewa kuɗinka sun isa hukuma da sunanka. Haƙƙinka ne ka tambaya.